Bargon Zannuwan Hajiya

Wata Asabar ce cikin watan Nuwamba, shekarar da na shiga aji biyar na firamare, aka kawo mana jakar kayan Hajiya. Ana yayyafin nan na Manchester da ba ya tsayawa kuma ba ya zama ruwan kirki, ni kuma ina durƙushe a bakin hitar ɗumama ɗaki ina busar da safar makaranta, sai aka buga ƙofa. Wani ɗalibi ne abokin karatun Baba da ya dawo daga Kano, ya kinkimo jakar har hawa na biyu yana haki. Ya gaisa da Baba, ya yi wa Umma ta'aziyya daga bakin ƙofa, ya juya. Umma ta ja jakar zuwa tsakiyar falo ta zuge ta. Nan take ɗakin ya cika da ƙamshin turaren wuta da kanumfari, irin wanda ban taɓa ji a ƙasar nan ba. Ta ɗauki zanen da ke sama ta kifa fuskarta a ciki. Ba ta yi kuka mai sauti ba, kafaɗunta kawai nake gani suna rawa. Na tsaya sororo da safa a hannu, har sai da Baba ya ce in shiga ɗaki.

Hajiya ita ce kakata, mahaifiyar Umma. Ta rasu a Kano a ƙarshen damina, da hantsi, kafin la'asar an kai ta. 'Ya'yanta mata biyu ne kacal, kuma duka biyun suna Ingila: Umma a Manchester, yayarta Inna Rabi a Birmingham. Babu wadda ta samu zuwa ko da zaman makoki. Mu fasfo ɗinmu yana hannun masu sabunta biza, Inna Rabi kuma tana da tsohon ciki, likita ya hana ta hawa jirgi. Da aka zo rabon gado, kawunnaina suka ware suturar Hajiya suka ce wannan na mata ne, suka cusa a jaka ɗaya suka ba mai tahowa. Da yake jirginsa a Manchester ya sauka, jakar ta faɗo hannun ƙanwa.

Gidanmu a lokacin wani ɗan flat ne, wato ɗakunan haya na bene, a Cheetham Hill, a saman shagon wani mai sayar da jakunkuna da takalma a sari. Tun asuba manyan motoci ke sauke kaya a ƙasanmu, tagogi na karkarwa. Bangon ɗakina yana tsatsafar da ruwa, Umma ta goge baƙin da ke fitowa yau, jibi ya dawo. Baba yana karatun digirinsa na uku, ya fita da duhu ya dawo da duhu. Ni kuwa a lokacin Hausar bakina abar dariya ce, Turancin yaran unguwa ne ya cika min baki, in Umma ta yi min magana da Hausa in mayar mata da Turanci, ta ce: "Ni ba Baturiya ba ce, sake faɗa." Bayan makaranta aikina shi ne wanke kofuna, ninke wanki, da sauka da shara. In na gama sai in gangara bayan shagunan, mu da yaran Pakistan da na Somaliya mu zana 'yar gala-gala da alli a kan kwalta, ko mu yi gidaje da kwalayen da aka zubar har masu shago su kore mu. Shekarun tsuke bakin aljihun gwamnati ne. Ban san ma'anar hakan ba, abin da na sani kawai shi ne wurin wasan yara na unguwarmu an sa masa kwaɗo, kuma kullum manya suna cewa council, wato ƙaramar hukuma, ta rage wannan, ta soke wancan.

Tun rasuwar Hajiya Umma ta canja. Mace ce da ma ba mai yawan magana ba, amma tana da ɗan waƙe-waƙenta a kicin, tana da tsokana. Duk suka ɗauke. In dawo daga makaranta in tarar da ita a bakin taga inda na bar ta, shayin safe na gabanta ya yi sanyi. Abu ɗaya ne ke dawo da ita, shi ne wayar Inna Rabi. Su biyun nan, kai! Kullum sai sun yi waya, Umma ta maƙale ta a kafaɗa tana tuƙa tuwo, su yi hirar mutanen Kano kaf, su yi gardama a kan wace shekara aka yi bikin wance, su yi dariya har Umma ta shaƙe. A duk faɗin ƙasar nan Inna Rabi kaɗai ce ta san Umma tun tana yarinya. Ranar da jakar ta iso, da yamma, ina jin su. Umma ta ce ga kaya sun zo, yaya za a yi. Inna Rabi, da muryarta mai ƙarfi da ake ji ko ba a sa a sifika ba, ta ce: "Ki raba mana, Hadiza. Duk yadda kika raba daidai ne. In na yi arba'in ɗin haihuwa zan zo in ɗauki nawa."

To, rabon nan shi ya gagara. Umma ta shimfiɗa zannuwan a kan gado ta yi kashi biyu, ta tsaya tana kallo, ta sake hargitsa su. Kowane zane da labarinsa. Ga atamfa mai ganye-ganye da Hajiya ta ɗaura ranar auren Umma, amma Inna Rabi ce ta saya mata. Ga mai ruwan goro da take zuwa asibiti da ita, ga jan ɗankwalin da ba ta rabuwa da shi in tana tuya. Ga kuma babbansu, wani zanen saƙi mai nauyi, rinin shuni, baƙi wuluk da siraran layuka farare, wanda Hajiya ta gada daga tata uwar. Duk wanda Umma ta sa a kashinta sai ta ga ta zalunci yayarta, duk wanda ta sa a na yayarta sai ta ji kamar an sake yi mata rasuwa. Makonni tana wannan abu. Har na fara jin haushi, don gadon nan ni ma a kansa nake aikin makaranta.

Ana cikin haka likitarmu ta unguwa ta ce wa Umma zaman ɗaka ba zai yi mata ba, ta nemi abin da zai riƙa fitar da ita. Akwai ɗan laburare a unguwarmu inda mata ke taruwa duk Asabar suna koyon ɗinkin hannu, kyauta. Baba ya lallaɓa ta, ni kuma aka haɗa ta da ni don in riƙa yi mata tafinta in Turancin ya yi sauri. Mai koyarwar wata dattijuwa ce 'yar siririya mai farin gashi, sunanta Jean, Umma ta laƙaba mata Malama Jean. Ta yi shekaru a Amurka tana aure, ta dawo gida da takaba da akwati guda na tsofaffin barguna. Abin da take koyarwa ke nan, bargon da suke kira quilt. Hawa uku ne: sama ƙyallaye ne da aka harhaɗa, tsakiya auduga ko tsohon bargo, baya kuma ƙyalle guda shimfiɗaɗɗe.

Malama Jean in ta fara labarin bargunan nan mantawa take da agogo. Ta ce a farkon zaman Turawa a Amurka yadi tsada gare shi, a jirgin ruwa yake zuwa, sai masu hali. Matar mai kuɗi ta sayi yadi mai furanni daga Indiya, ta yanko furen ɗaya-ɗaya ta ɗinka a kan farin ƙyalle don ya yi auki. Talakawa kuwa su kaɗa ulu da zaren wata ciyawa mai kama da rama, su saƙa da hannu, su rina da shuni ko ɓawon itace, abin ya fito da kaushi amma ya yi ƙarko. Sai daga baya, da masaƙun inji suka yawaita, har da na nan Manchester, yadin auduga mai zane ya yi araha, mata suka shiga yanka shi ƙanana suna haɗa fasali iri-iri. Ba a zubar da komai: tsohuwar rigar miji, guntun labule, daga baya har buhun fulawa. Ta miƙo mana wani guntun saƙar hannu mai ruwan shuni ta ce a taɓa a hankali. Umma ta murza shi tsakanin yatsu, ta kai hanci, sai ta ce min da Hausa: "Ke, wannan ai saƙi ne. Gaya mata mu ma muna da shi, har da marinar." Ranar ce na fara ganin idonta ya yi haske tun bayan rasuwar.

Amma fa da farko Umma raina abin ta yi. A hanyar gida ta ce ita ba ta taɓa ganin inda ake yin faci a rataye shi a bango ana alfahari ba. A Kano, in ji ta, wanda aka gani da faci a jikin zane tausayinsa ake ji, guntayen ƙyalle kuma na tela ne, a tsince su a yi wa 'yartsana riga ko a cusa a matashi. Ta yi dariya ta ce Turawa dai ba sa rasa abin mamaki. Duk da haka Asabar na zagayowa ita ke riga ni shiryawa. Ta koyi wani fasali da ake fara shi da ɗan jan ƙyalle a tsakiya, wai shi ne murhun gida, sai a riƙa kewaye shi da siraran ƙyallaye kamar ana jera itacen gini, gefe ɗaya masu haske, gefe ɗaya masu duhu. Hannunta ya faɗa da wuri, don da ma ta iya kalmasa da ɗinkin hula.

Wata Asabar Malama Jean ta fito da wani ƙaramin bargo da ya koɗe, ta ce wannan ba na ado ba ne. A wancan zamanin, in uwa ta mutu ta bar riguna kaɗan da 'ya'ya mata da yawa, waɗanda aure ya watsa su garuruwa masu nisa, sai a yanka kowace riga a raba, kowace 'ya ta haɗa bargonta. Ta haka babu wadda za ta ce an ba wance rigar da ta fi so, kowa yana da yanki a jikin kowace. Ina cikin fassarawa na ga Umma ta daina ɗinki. Ta sa na sake tambaya, ko da gaske kowace riga ake yankawa. Malama Jean ta ce ƙwarai. Muna isa gida, ko mayafi Umma ba ta cire ba ta wuce wurin jakar.

Ba ta yi shawara da kowa ba. A ganinta an ce ta raba, ga kuma rabon da ya fi kowanne adalci, tana so ta ba yayarta mamaki. Ta wanke zannuwan, ta goge, ta ninka kowanne biyu ta bi tsakiya da almakashi. Ina nan tsaye lokacin da ta yanka na farko, ta yi bismilla. Daga nan falonmu ya koma shagon tela. Ni ce mai zura zare a allura, don idonta ba ya gani sosai da yamma, ni ce mai ware masu haske da masu duhu, ni ce mai tsince zare a kafet kafin Baba ya dawo. Tana yanka tana ba ni labari: wannan Hajiya ta saya da kuɗin adashinta, wannan ta ɗaura ranar da ta kore wani ɓarawon kaji da muciya. A jikin wata tsohuwar atamfa ta nuna min rubutun bakin zanen, ta ce 'yar Ingila ce, a ƙasar nan aka buga ta, ta je Kano ta tsufa, ga shi ta dawo gida. A makonnin nan na koyi Hausa fiye da duk shekarun baya, kuma a makonnin nan na san kakata, wadda sau biyu kawai na taɓa gani. Zanen saƙin ne kaɗai ya tsira. Ta kai shi wurin Malama Jean, ita kuma ta dafe shi da hannu biyu ta ce saƙar hannu in an yanka ta zarewa take yi, kada a kuskura. Umma ta ninke shi ta sa a ƙasan akwatinta, ta ce sai ta yi tunani.

Inna Rabi ta zo cikin hutun Kirsimeti, da jaririnta a goye cikin wani abin goyo na Turawa, da kulolin dambun nama da cincin. Doguwar mace ce mai fara'a da faɗa, duk inda ta shiga sai an san ta shigo. Suka rungume juna a bakin ƙofa suka yi kukan da ba su samu yi tare ba. Aka ci abinci, aka yi sallah. Sai Inna Rabi ta ce a fito mata da kayan, ta matsu ta ga zanen da za ta riƙa sallar asuba da shi, don ta yi niyyar duk wanda ya faɗo kashinta ta yi ta ibada a cikinsa Allah Ya kai ladan kabarin Hajiya, sauran kuma ta bayar sadaka ga masu ɗaurawa. Na ga fuskar Umma ta sauya, amma ta tashi. Ta ɗauko kwalin da muke tarawa, ta juye a kan tebur, ta fara jera murabba'an da ta haɗa, tana bayani da sauri-sauri, wai a Amurka haka ake yi, wai kowa zai samu yanki.

Inna Rabi ta matso kusa da teburin. Ta sa hannu ta ɗago wani siririn ƙyalle mai ganye-ganye, faɗinsa bai fi yatsu biyu ba, ta juya shi gaba da baya. Sannan ta ce, a hankali, ba da muryarta ta kullum ba: "Hadiza, cewa na yi ki raba. Ban ce ki yanka ba. Suturar uwarmu kika mayar tsumma?"

Umma ta buɗe baki, Inna Rabi ta ɗaga mata hannu. Ta ce ita ba ta ga gawar Hajiya ba, ba ta ga makara ba, abu ɗaya da ta sa rai shi ne ta ɗaura zanen da ya taɓa jikinta, shi ma an hana ta saboda wata Baturiya ta ba da labari. Ta ce har abin da za a yi wa mamaciya sadaka da shi an lalata. Tana faɗa tana hawaye, tana kuma naɗe kayan jaririnta. Baba ya yi ta ba da haƙuri, ta ce babu komai, jirgin ƙasa ne ba ta so ya wuce ta, alhali kwana biyu ta zo yi. Umma tana tsaye jikin bango kanta a ƙasa. Ƙanwa ce, ba ta saba mayar wa yayarta magana ba, kuma kalmar tsumman nan ta daskarar da ita. Ni na san saƙin yana cikin akwati, ita ma ta sani, amma kafin ta dawo hayyacinta an rufe ƙofa.

Kada wani ya ɗauka gaba suka yi. Ina! Sun fi ƙarfin haka, 'ya'yan Hajiya ne, sun san hukuncin wanda ya ƙaurace wa ɗan'uwansa. Duk Juma'a Umma za ta kira: ina kwana Yaya, ya yara, ya maigida, ya sanyi. Inna Rabi ta amsa lafiya lau, a gaida Malam, a gaida Safiya, wato Baba da ni. Shi ke nan, a ajiye. Hirar ce ta mutu, dariyar ce ta mutu. Sau biyu na ji Umma ta fara cewa dama game da kayan nan, Inna Rabi ta katse ta da cewa a bar maganar, ta wuce. Wallahi da zagi suka yi ta yi da ya fi min sauƙi. Gaisuwar nan mai sanyi ita ta fi komai ci min rai, har na tsani ranar Juma'a.

Kafin sanyi ya fita aka manna takarda a ƙofar laburaren cewa za a rufe shi, babu kuɗin riƙe shi. Matan ajin ɗinkin suka yi ɗan taro da biskit da shayi, Malama Jean ta raba musu zare da allurai, ta ce za ta koma wurin 'yarta a wani gari. Ranar ƙarshe Umma ta sa na tambaye ta abu ɗaya: shin akwai yadda za a haɗa bargo da bayansa ba tare da an yanka bayan ko an huda shi da ɗinki ko'ina ba? Malama Jean ta ce akwai, hanyar matan ƙauye ce masu gaggawar sanyi. Maimakon a bi shi da ƙananan ɗinki, sai a soka zare mai kauri nan da can a ƙulla. Duk ranar da aka so, a kwance ƙullin, bayan ya fita lafiyarsa ƙalau.

Haka Umma ta yi. Nata bargon ta sa masa farin alawayyo a baya. Na Inna Rabi kuwa ta auna shi daidai tsawo da faɗin zanen saƙin, ta shimfiɗa saƙin a kafet, ta ɗora auduga, ta ɗora saman, ta bi shi da ƙulli. Ni nake danna yatsa a kan zaren tana ɗaurewa. Gefen ma da manyan ɗinki ta kama shi, irin wanda ake zarewa da ja ɗaya. Na ce mata, da gurguwar Hausata, ai ke ma kina son wannan zanen. Ta ce: "Ina so mana. Amma ita ce babba, kuma ni na yi ɓarnar."

A bazarar nan Baba ya gama karatu, kuma dokar zama ta canja, babu damar tsayawa neman aiki. Muka fara haɗa kaya. Saura 'yan kwanaki mu tashi, ni da Umma muka hau doguwar bas zuwa Birmingham yin sallama, bargon yana cikin wata jakar leda mai zif a kan cinyarta, ba ta yarda an sa shi a ƙasan mota ba. Gidan Inna Rabi a Handsworth yake, cikin jerin gidajen nan na jan bulo masu manne da juna. Ta karɓe mu da mutunci, ta yi mana waina da miyar taushe, ta ba ni takalmi da 'yan kunne, ta haɗa tsarabar da za a kai wa kawunnai. Komai an yi, babu abin da za ka nuna ka ce ga laifi. Da muka tashi tafiya, a ɗan siririn soron gidan inda ake rataye riguna, Umma ta miƙa jakar da hannu biyu ta ce: "Yaya, ga naki. Don Allah ki buɗe, ki duba bayansa."

Inna Rabi ta karɓa ta ce an gode, Allah Ya kiyaye hanya. Ta buɗe ɗan ɗakin ajiya na ƙarƙashin bene, inda injin shara yake, ta tura jakar ciki ta rufe. A bas Umma ta juya fuskarta ga taga tun daga Birmingham har Manchester.

A Kano na ƙarasa girma. Na yi sakandare, na yi jami'a, bakina ya miƙe har ana cewa ba a gane na taɓa zama waje. Bargon Umma yana kan gadonta, baƙi su yi ta tambaya ina aka sayo, ta ce aikin hannu ne kawai. Gaisuwar Juma'a ba ta taɓa yankewa ba, kuma ba ta taɓa wuce gaisuwa ba. In ta ajiye wayar sai in ga ta ɗan jima tana kallonta. Da na yi wayo na ce ta bari in gaya wa Inna abin da ke bayan bargon, ta hana ni, har da rantsuwa. Ta ce ta riga ta faɗa da bakinta, ba za ta yi roƙo a karɓi kyauta ba, ranar da Yaya ta huce za ta buɗe da kanta. Umma ma fa tana da zuciya, shiru-shirunta ne ke rufe ta. Ciwon da ya ɗauke ta bai ba da lokaci ba. Inna Rabi ta iso Kano bayan an yi sadakar uku, ta zauna cikin mata tana jan carbi, ba mu samu keɓewa ba har ta koma.

Bara na dawo Ingila karatu, kuma Allah Ya sa a Birmingham aka ba ni gurbi. Na je gaishe ta. Ta rame, muryar nan ta ragu, jaririn da na sani a goye ya fi ni tsawo. Bayan mun yi la'asar ta ce in biyo ta sama. Bargon yana shimfiɗe a kan gadonta, launinsa garau kamar jiya aka gama, don bai ga rana ba duk shekarun nan. Ta ce ranar da ta dawo daga ta'aziyya ta buɗe jakar. Ta kama gefe ta juya shi, saƙin ya bayyana, cikakke, ko zare ɗaya bai zare ba. Ta tambaye ni ko na sani, na ce da ni aka ɗaure. Ta tambaya ko Umma ta tafi da fushinta. Na gaya mata gaskiya, ba fushi ba ne, jira ne.

Ta daɗe tana shafa ƙullin da babban yatsa. Na ce mata ai an yi shi ne don a kwance, in tana so yanzu ma sai in taya ta, kafin magariba zanen ya fita ta ɗaura abinta. Ta girgiza kai.

"Da na buɗe a lokacin, da na kwance na kira ta mun sha dariya," in ji ta. "Yanzu kuma hannun Hadiza ne a jiki. Wa zai kwance?"

Na koma Cheetham Hill sau ɗaya tun dawowata. Laburaren ya zama wurin ajiye kaya, shagon ƙasanmu ya canja hannu, yaran da ke wasa a bayan layin ba su san ni ba. A da ina ganin falon nan ƙunci ne da sanyi da zare a kafet, ina ɗokin ranar da za mu bar shi. Yanzu da za a ba ni zaɓi, can zan koma, in zauna a ƙasa ina zura allura, Umma na yanka tana ba ni labari, wayarta na gefe tana jiran yamma ta yi su yi hira da yayarta. Duk Juma'a ni nake kiran Inna Rabi yanzu, kuma ba ta barina in ajiye da wuri.